Shekara Huɗu Yaya Tana Jinyar Baba

Mahaifinmu direban babbar mota ne. Ya fi shekara talatin yana ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Yamai, sai da idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi. Ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji, in zai shiga ɗakinsa a gidanmu na unguwar Banifandu a Yamai sai ya ɗan sunkuya. Innarmu ta daɗe da rasuwa, mu biyu ta bar masa: yayata mace, wadda ta girme ni da shekara tara, sai ni. Yaya tela ce. Mijinta ya rasu, 'yarta guda ɗaya tana aure a Maraɗi. Ni kuma mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ina koyar da 'yan aji biyar a unguwar Talaje, can nake haya da matata da yara biyu.

Ranar da abin ya faru ina gaban allo aka kira ni a waya. Maƙwabciyar Baba ce, wata Bazabarma mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a ƙofar gidanta. Da Hausarta ta kasuwa ta ce mini tsoho yana zaune yana shan shayi da hantsi, kofi ya suɓuce daga hannunsa, ya karkace gefe guda, an yi masa magana bai amsa ba. Na bar yara da allo rabi a rubuce na hau moto, wato babur ɗina.

Kwana goma sha biyu muka yi a gidan likita. Dokotoro ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa: "To." Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa.

Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya ta tsayar da mu a baranda. Ta ba mu takardar magani, ta yi mana bayani da sauri don ana jiran gadon. A riƙa juya shi bayan kowace awa biyu kada bayansa ya yi gyambo. A zaunar da shi kafin a ba shi abinci, a ba shi a hankali kada ya sarƙe. A rage gishiri. A riƙa kawo shi wurin kine, mai motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Sannan ta dube mu ta ce, "A cikinku wa zai zauna da shi?"

Na ci gaba da kallon takardar. Yaya ta ce, "Ni."

Har yau ina tuna sanyin da na ji a raina lokacin da ta faɗi haka. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa.

Ta saki ɗakin da take haya, ta kwaso kayanta da kekenta na ɗinki ta dawo gidan Baba. Muka yi shawara a tsakar gida. Ita za ta ji da abinci da magani da juyi, ni kuma in riƙa zuwa ran Laraba da yamma, da yake ba a lakwal, da kuma ran Lahadi, in yi masa wanka da aski da duk abin da bai kamata 'ya mace ta gani a jikin ubanta ba. Muka ga tsari ya yi kyau. Ba mu yi tunanin cewa cikin mutum ba ya jiran Laraba ba.

A kwana na biyu da dawowarsa ya ɓata shimfiɗa. Daga baya Yaya ta ba ni labari, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Ta ce ta kira ni sau uku wayata a kashe, ina aji. Ta leƙa waje ko za ta ga wani namiji da ta sani, babu. Sai ta ɗebo ruwa ta shiga. Baba ya riƙe zanen da aka rufa masa da hannun hagu, hannun da ya saba juya sitiyari, ta ja ya ƙi saki. Ya juya fuska bango, hawaye na bin kuncinsa. Ta ce masa, "Baba, ka yi haƙuri. Ka rufe ido, ka ɗauka Inna ce." Sun fi rabin awa a haka kafin ya saki. Mako guda ya yi ba ya yarda su haɗa ido.

Watan farko gidan ba ya rabuwa da mutane. Tsofaffin direbobi abokansa, dangin Inna, mutanen masallacin unguwa. Kowa ya zo da nasa magani: wannan saiwa, wancan man shafawa, wani ya san wani malami da ya tayar da wanda ya fi Baba lalacewa. Su zauna a kan tabarma, Yaya ta dafa musu shayi, su ce "Ya mai jiki?", su tashi. A bakin ƙofa kowa sai ya ce mata, "Allah ya ba ki lada." Wata na biyu suka ragu. Kafin shekara sai a yi sati uku ba wanda ya yi sallama.

Wata rana ina ɗaure wa moto jaka zan tafi, ni ma na ce mata Allah ya ba da lada. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Auta, ladan nan ya yi mini yawa. Da wani zai zo ya ɗebi kaɗan." Sai kuma ta yi istigfari, ta koma ciki. Na ɗauka wasa take yi.

Zuwa wurin kine wata biyu kawai muka iya. Layin gidanmu yashi ne, takisi ba ya son shiga, wanda ya yarda kuma in ya ga girman Baba da keken guragu sai ya ce yana da fasinja a gaba. Sai an sami maza biyu sun ɗaga shi, a shiga da fita. Kinen mutumin kirki ne. Da ya ga mun fara tsallake ranaku, ya kira Yaya ya koya mata yadda za ta riƙa miƙe masa hannu da lanƙwasa gwiwa a gida. Ta yi ta yi safe da yamma, tana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai koya wa yaro lissafi, Baba yana cije baki yana cewa "To, to, to." Duk da haka yatsun suka dunƙule, har ya zama sai ta cusa masa ɗan tsumma a tafin hannu don kada farce ya huda shi.

Ɗinkin ma ya mutu a hankali. Da farko matan da suka saba da ita sun biyo ta har Banifandu da atamfofinsu. Amma ba ta iya yin awa guda a kan keke ba tare da ta tashi ba. Ana saura kwana uku ƙaramar salla, kayan mutum shida suna yanke ba a haɗa ba. Wata ta zo karɓar nata, ta ɗaga rigar ta kai hanci, ta ce tana warin fitsari. Bayan sallar Yaya ta shafa wa keken mai, ta rufe shi da tsohon zane, ta tura shi lungu. A kansa muka koma ajiye kwalayen magani da kush ɗin manya da ake ɗaura wa Baba don tare fitsari.

Mutum ɗaya na sani da ya taimaki Yaya taimako na gaske, ita ce Bazabarmar nan. Ba ta kawo magani, ba ta ba da shawara. In ta sayar da rabin kwanonta sai ta rufe shi ta shigo, ta ce, "Tashi, je ki yi wanka." Ta zauna a gefen Baba tana yi masa fifita, tana ba shi labarin unguwa da Zabarmanci, shi kuma yana jin yaren tun zamanin tuƙi, har wani lokaci ka ji wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa mai kama da dariya. Rabin awa ne kawai, amma a cikinsa Yaya take wanka da salla a natse, wani lokaci ta kwanta a tabarma ta rufe fuska da ɗankwali. A shekara ta biyu mai gidan da matar take haya ya ce zai rushe ya yi bene. Ta kwashe ta koma ƙetaren gulbi wajen ɗanta. Ranar da za ta tafi Yaya ta raka ta har bakin titi, ta dawo idonta ja.

Ni kuwa Larabata ta fara zamewa tun kafin nan. Na karɓi wasu yara ina yi musu ƙarin karatu da yamma. Matata ta haihu. Lahadi kuma ita ce ranar suna da ɗaurin aure da zaman makoki, kuma mushe ba ya rasa gayyata. Sai ya zama ina zuwa sau ɗaya a mako, wani lokaci sau ɗaya a kwana goma. In tsaya a farmasi in sayi magani da kush, in shiga in gaida Baba, in yi masa aski, in sha ruwa, in kama hanya kafin magariba. Ina tuƙa moto ina jin na sauke nauyi. Wankan da aka ce nawa ne ya daɗe da komawa hannunta, kuma ba wanda ya tayar da maganar a cikinmu.

Akwai wani dattijo mai shagon zare da maɓallai a babbar kasuwa, inda Yaya take sayayya a da. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Ya aiko wani amininsa wurina da maganar aure. Na kai mata saƙon ina ɗan zolayarta. Ta ce, "A ce masa ya bari Baba ya ɗan samu sauƙi." Mutumin ya jira fiye da shekara, yakan aiko da lemo da dabino. Daga baya aiken ya tsaya. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta sake ambatonsa ba.

A shekara ta uku, cikin watan zafin da ake yi kafin ruwa ya sauka, wata Asabar na tashi daga wani taro da wuri, na ce bari in biya. Ƙarfe goma sha ɗaya na rana ne, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, unguwa tsit. Na tarar da ƙofar gida a rufe da kwaɗo ta waje. Ina da mabuɗi. Da na shiga ɗaki, Baba yana ƙasa tsakanin gado da bango, fuskarsa a kan siminti, hannun da ya shanye a danne ƙarƙashinsa. Kofin ruwa ya kife can gefe, da alama shi ya miƙa hannu zai ɗauka. Goshinsa ya fashe kaɗan, jinin ya riga ya bushe. Da ƙyar na mayar da shi gado ni kaɗai, har wani abu ya ƙame a bayana. Na goge shi, na ba shi ruwa, na zauna ina jira, raina yana tafasa.

Sai bayan azahar ta shigo, ba jaka, ba kayan cefane, ƙafafunta duk ƙura. Ban bari ta cire takalmi ba. Na faɗa mata maganganun da ƙane ba ya faɗa wa yayarsa. Na ce in ta gaji ta faɗa. Na ce da ya mutu a ƙasan nan me za ta gaya wa Allah. Na ce wane irin yawo ne ya fi ubanta.

Ta wuce ni ta shiga ɗaki, ta duba goshin Baba, ta taɓa masa hannu da kafaɗa, ta gyara masa matashi. Sannan ta fito ta zauna a kan turmi.

"Ka gama?" ta ce.

Sannan ta ci gaba.

"Bakin gulbi na je. Kusa da gada, inda masu wanki suke shanya kaya. Ban je wurin kowa ba. Na zauna ne kawai ina kallon ruwa." Ta dubi tafin hannunta. "Da safe na ba shi koko, ya tofo mini a fuska, ya jefe ni da kwano. Na ji hannuna ya ɗaga da kansa. Auta, saura kaɗan in mari Baba. Shi ya sa na rufe ƙofa na fita."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ka ce in na gaji in faɗa. Wa zan faɗa wa? Kai da kake shigowa da makullin moto a hannu? Yanzu da ka ɗaga shi sau ɗaya ina ganinka kana dafe baya. Ni sau nawa nake ɗaga shi a yini?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Daga ɗaki Baba yana ta cewa "To," a hankali, ya ji komai.

Na ba ta haƙuri. Na yi mata alkawari kowace Lahadi zan zo tun safe in yini, ita kuma ta fita duk inda take so. Lahadi biyar na cika. Ta farko ta je ƙetaren gulbi wurin tsohuwar maƙwabciyarta. Sauran huɗun ba ta je ko'ina ba, ta shiga ɗakin Inna ta rufe ta yi ta barci har la'asar. A waɗannan ranaku na san abin da yini guda yake nufi a ɗakin nan: cokali arba'in kafin koko ya ƙare, wanki sau uku, zafin jifan kwano a ka, da idon Baba da ke bin ka duk inda ka juya yana son faɗin abin da ba zai fito ba. Daga nan lokacin jarrabawa ya zo, aka tura ni gyaran takardu. Na ce mata bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa ruwa ya sauka, layinmu na Talaje ya cika, katangar gidan da nake haya ta faɗi. Kowane dalili na gaskiya ne. Na sha jera su a raina, ba na ƙarya a ciki, amma ban koma yinin Lahadi ba.

Ta fara kukan ciwon kai ta ƙeya. Na ce ta je a auna mata tansiyo. Ta ce, "In bar shi da wa?" Na ce zan zo in zauna ta je, muka sa rana, ranar ta wuce. Daga baya na gane in kan ya matsa mata, cikin ƙwayoyin Baba take ɓallar rabi ta haɗiye.

Shekara huɗu da wata biyu da kwanciyar Baba, wata Talata da safe, tana zaune a bakin gado tana ba shi koko, ta zame ta faɗi. Ba kowa a gidan sai shi. Baba ya laluɓo kwanon silba da hannun hagu ya shiga buga shi a ƙarfen gado. Magina da ke aikin benen maƙwabta sun ce tun wajen ƙarfe tara suke jin ƙarar, sun ɗauka yara ne. Sai da suka sauko cin abinci da azahar, ƙarar ba ta tsaya ba, ɗayansu ya leƙo ta katanga. Da na iso an riga an fita da ita. Kwanon ya lotse, gefen hannun Baba ya kumbura ya tsage.

Ita ma irin ciwon Baba ne, ɓarin hagu ya kama. Maganarta ba ta tafi duka ba, tana fita a jaye, sai ka kasa kunne. Dokotoro ya ce da an kawo ta da wuri da abin bai kai haka ba. Ranar da ta fara gane mutane na zauna kusa da ita na fara neman gafara. Ta girgiza kai, ta ce in bar wannan. Ta gaya mini inda ta ajiye man da take shafa wa Baba a ƙugu, ta ce ba ya son ruwa mai sanyi sosai, kuma in ya ce "to" sau biyu da sauri, bayan gida yake nufi.

'Yarta ta zo daga Maraɗi ta tafi da ita. Yarinyar tana da ƙananan yara uku da ciki. Na taimaka aka kwantar da Yaya a kujerar bayan mota, na sa mata matashi a ƙarƙashin hannun. Ba a shigar da ita ta yi sallama da Baba ba, don ba wanda zai iya ɗaukar ɗaya zuwa wurin ɗaya a ranar, kuma na ji tsoron abin da ganin zai yi musu. Na ce masa ta tafi hutawa wurin jikokinta. Ya dube ni ya daɗe, bai ce ko "to" ba.

Na saki hayar Talaje, muka dawo Banifandu da matata da yara uku. Yanzu kullum sai na ratsa gari zuwa lakwal. Wanka da tsarki nawa ne, safe kafin in fita da yamma in na dawo. Tsakanin nan, daga ƙarfe bakwai zuwa shida, matata ce a ɗakin, ga hidimar yara. Ba ubanta ba ne, kuma ba ta taɓa faɗa mini haka ba. Mutanen unguwa in sun gan ni a masallaci sukan ce ɗa nagari ne, ya dawo gida don ubansa. Ina amsawa da amin.

Wata goma sha huɗu ke nan ban ga Yaya ba. Muna magana a waya ran Juma'a, 'yarta ce take riƙe mata wayar. Yaya ta ce tana iya jan ƙafa zuwa bakin ƙofa in an riƙe ta. Hannun bai dawo ba. Na so in je a bakans ɗin da ya wuce, wato dogon hutun lakwal, amma tafiyar kwana uku ce zuwa da dawowa, kuma ba namijin da zan bar wa Baba.

Shi Baba yana nan. Yana cin abincinsa, gyambon ƙugunsa yana rufewa yana buɗewa. Dokotoron da ya duba shi kwanan baya ya ce zuciyarsa da ƙarfinta. Na ce alhamdu lillahi. In na ɗaga hannu bayan salla nakan daɗe ban san abin da zan roƙa masa ba, sai in shafa in tashi.

Tun kafin azumi matata ta ce tana son ta je Doso ta yi mako guda wurin mahaifiyarta, ta daɗe ba ta gan ta ba, kuma ita ma tsohuwar jikinta ba daɗi. Na ce ta bari a yi hutu, lokacin ina gida. An yi hutun, aka kira mu horon malamai na sati uku, sannan ƙaramin yaronmu ya kwanta da zazzaɓi. Ran Litinin da ta wuce muka koma aji. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.